A fara ba yaro benci, takarda ta biyo baya

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman 'yan'uwana na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Na yi makonni ina juya maganar nan a raina, na ga gara in fito da ita fili mu tattauna.

Ina cikin kwamitin iyaye da ke kula da wata makarantar firamare a wani ƙauye da ba shi da nisa da Dajin Falgore. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, domin ba tonon silili na zo yi ba. Ƙarshen zangon da ya wuce aka aiko da fom na wani tallafi da ake ba 'yan mata masu shiga ƙaramar sakandare. A aji shida akwai wata yarinya, 'yar Fulani, da ba ta taɓa wuce ta uku a jarrabawa ba tun da ta zo. Kakanta ne ya kawo ta garinmu shekara huɗu da suka wuce, bayan 'yan bindiga sun tashi rugarsu a Zamfara. Uban ya rasu a harin. Shanun da suka rage ba su kai a kira su garke ba.

Fom ya ce a rubuta ranar haihuwa, a liƙa kwafin takardar haihuwa, a sa lambar NIN ta uba ko mariƙi, a sa lambar waya. Ko ɗaya babu. Na ce wa tsohon, "Baffa, yaushe aka haife ta?" Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, shekarar babbar ambaliyar nan ce, bayan an yi girbin gero." Na gane 2012 yake nufi. To amma a fom babu gurbin da za a rubuta "bayan girbin gero".

Hedimasta ba mugu ba ne, wallahi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce da ni, "Alhaji, in na sa sunanta babu takarda, ranar da masu bincike suka zo ni za a ce na cusa sunan bogi." Gaskiyarsa ce. Muka shiga neman takarda. Zuwa uku muka yi a babur, ni da tsohon da mai unguwa. Ranar da ta fito, an riga an rufe karɓar sunaye da kwana tara. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ne, amma wa ya taɓa gaya wa tsohon nan cewa akwai goran da zai fafe?

Yarinyar dai tana aji ɗaya yanzu, don mun yi karo-karo mun ɗinka mata yunifom mun sayi littattafai. Amma ƙawayenta biyu da suka zo tare daga can, su ba wanda ya yi musu karo-karo. Nono suke kaiwa kasuwa yanzu.

Abin da nake so in ce shi ne: a yankinmu, takarda ta zama ƙofar da ake rufe wa yaran da aka ƙirƙiro tallafin dominsu. Kuma ba doka ce ta ce a yi haka ba, mu ne muka jera abubuwa a baibai.

Bari mu fara da su wane ne yaran nan, don wasu in an ce "baƙi" sai su ɗauka mutum goma ne. Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa Falgore ta nufi Saminaka da Jos, ya san yankinmu mahaɗa ce. Doguwa ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Akwai makiyaya da suke shigowa da rani su fita da damina, ko su yi akasin haka. Akwai waɗanda gwamnatin Ganduje ta ware wa wurin zama a Dajin Dansoshiya da ke Kiru a 2020. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa noman rani da kamun kifi a gefen Dam ɗin Tiga, wanda aka gina tun zamanin Audu Bako, wasu da iyalansu. Akwai masu zuwa aikin shinkafa Tudun Wada lokacin kaka. Akwai masu haƙar ma'adinai a Riruwai, garin da aka san shi da kuza tun kafin a haifi iyayenmu. Akwai almajirai daga jihohi maƙwabta da Jamhuriyar Nijar. Sannan ga sababbin baƙi na shekarun nan, waɗanda rashin tsaro ya koro daga Zamfara, Katsina da Birnin Gwari. Waɗannan ba sa zama a sansani balle a ƙirga su. Gidan ɗan'uwa suke sauka, ko kangon da wani ya ba su aro, ko su kafa bukka a bayan gari.

Kowane rukuni da 'ya'yansa. Kuma kusan dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: an haifi yaran a gida ko a ruga, ba a asibiti ba, kuma a wani gari da ba nan ba.

Yanzu me doka ta ce? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ta ba kowane yaro ilimi kyauta na shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku. Dokar ba ta tsaya nan ba, ta ambaci makiyaya da masu ƙaura da almajirai da 'ya'ya mata a cikin waɗanda shirin ya shafa. Tun kafin ita, a 1989, aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, wadda aikinta ya haɗa har da 'ya'yan masunta masu ƙaura. A nan Kano an ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalin garinsu ko ƙabilarsa.

Kun ga ke nan ba dokoki muka rasa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne teburin da ake cike fom.

A teburin nan takardu uku ne suke cakuɗewa, har wasu jami'ai ma ba sa bambance su. Ta farko takardar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Dokar 1992 ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa. Ita wannan takarda shekarun yaro da sunan iyayensa kawai take tabbatarwa. Ta biyu lambar NIN. Yaron da bai kai shekara 16 ba, sai an haɗa rajistarsa da lambar uba ko uwa ko mariƙi. To uban da shi kansa ba shi da ita fa? Ko maraya da ke hannun kaka? Ta uku ita ce takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Ita ba ruwanta da inda yaro yake kwana, tambayarta ita ce ina aka haifi ubansa da kakansa.

Ku duba yadda suke sarƙe da juna. Ana neman takardar haihuwa kafin a yi wa yaro NIN. Ana neman NIN kafin a rubuta JAMB tun daga 2021. Ana neman indijin kafin a ba da tallafin karatu na jiha. Yaron da ya rasa ta farko yana ɗan wata biyu a duniya, zai ci gaba da biyan bashin har ya girma. Shi kuwa ɗan gudun hijira, indijin ɗinsa tana can garin da ya gudo, wani lokaci ma garin babu kowa a cikinsa yanzu. Za ka ce wa tsoho ya koma Zamfara ta hanyar da ya tsira da ƙyar, ya nemo sa hannun dagacin da shi ma yana gudun hijira a wani wuri?

Kuma kada a ɗauka baƙi kaɗai abin ya shafa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya, kuma kowa ya san ƙauyukan Arewa ne suka fi ja da adadin baya. Ku shiga gidajenku ku tambaya. 'Ya'yanmu nawa ne suke da ita? Bambancin kawai shi ne ɗan gari in ta ɓaci yana da kawu a sakatariya, yana da kansila da ya san ubansa. Baƙo ba shi da kowa.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Duk shekara ana ƙidayar makarantu, kuma da alƙaluman nan ake tsara rabon malamai, azuzuwa, littattafai da kujeru. Shirye-shirye irin su ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016, ko AGILE na Bankin Duniya da Kano ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, duk da rajista suke aiki. Yaron da yake zaune a aji amma ba a rubuta shi ba, yana cin gurbi a benci, amma ba a turo komai da sunansa ba. Wanda ke ruga bai taɓa leƙa aji ba kuwa, ko a lissafin waɗanda ba sa zuwa makaranta ma da wuya ya fito daidai. Wato rashin rubuta baƙi ba ya ƙara wa 'yan gari kaso, rage musu yake yi.

Mutanen Kiru ba za su manta da 2020 ba. Lokacin korona gwamnonin Arewa suka yi ta mayar wa juna almajirai a motoci, kuma Kiru na cikin wuraren da aka killace yaran. Me ya fito fili a lokacin? Babu wata cikakkiyar rajista da ke nuna wane yaro ne, ɗan wane ne, daga ina. Bakin yaro ɗan shekara takwas aka dogara da shi wajen sanin jihar da za a kai shi. Na ɗauka darasin nan ya ishe mu. Ga shi shekaru sun wuce, muna nan inda muke.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, don an faɗa mini ido da ido. Bari in amsa tun yanzu.

Wasu za su ce in aka sassauta takarda, sunayen bogi za su cika jerin. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: masu cusa sunan bogi ba 'yan ruga ba ne, masu biro ne. Kuma wanda ya iya ƙirƙiro ɗalibi, ƙirƙiro masa takarda ba zai gagare shi ba. Maganin sunan bogi shi ne a zo aji ba sanarwa a kira suna, yaro ya miƙe a gan shi. Takarda ba ta miƙewa.

Wasu za su ce tsaro fa? A cikin baƙin nan akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Mu da muke gefen Falgore mun san zamanin satar shanu da tare hanya, har sojoji suka mayar da dajin wurin atisaye a 2017. Ba wanda zai koya mana tsoro. Amma wane ne ya fi haɗari, baƙon da mai unguwa ya san sunansa, ya san 'ya'yansa, yake ganin su kullum a makaranta, ko wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba? Kuma yaron da muka kora daga aji yana ɗan shekara goma, ina muke zaton zai kasance in ya kai ashirin? Abin da ya cinye Zamfara bai faɗo daga sama ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wasu kuma za su ce namu ma ba su samu ba, sai na wasu? Wannan ita ce ta fi ciwo, don akwai gaskiya a ciki. Akwai azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa, malami ɗaya da yara fiye da ɗari. Amma kuɗin ilimin bai-ɗaya daga asusun tarayya yake fitowa, kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya doka ta ware masa. Ɗan Zamfara yana da haƙƙi a ciki kamar ɗan Bebeji. Sannan mu Kanawa mu ne ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan magana. 'Ya'yanmu nawa ne suke Legas, Fatakwal, Ibadan da Abuja tare da iyayensu 'yan ci-rani? In aka ce musu su koma Kano su nemo takarda kafin a ba su benci, mu ne za mu fara cika Facebook da kuka. Kano kanta da baƙi ta zama Kano.

Wasu ƙasashen sun sha fama da wannan matsala kuma sun samo dabara. A Indiya, dokar 'yancin ilimi ta 2009 ta ce ba za a hana yaro shiga makaranta don ba shi da shaidar shekaru ba, kuma jinkirin kawo takardar canjin makaranta ba hujjar ƙin karɓarsa ba ne. A Amurka tun 1966 suke da shiri na musamman don 'ya'yan leburorin gona da masunta masu bin kaka daga jiha zuwa jiha. Ba sa jiran iyaye su zo ofis. Ma'aikaci ne yake bin su har gona da masauki, ya yi hira da su, ya cike takarda guda da ke nuna yaushe suka yi ƙaura kuma don wane aiki. Idan ƙaurar ta faru cikin wata 36 da suka wuce, yaro ya cancanta. Bayanan karatunsa kuma suna bin sa duk makarantar da ya koma. Ban ce mu kwafo komai nasu ba. Abin ɗauka shi ne takarda ce take zuwa wurin yaro, ba yaro ke yawon neman takarda ba.

To mu me za mu iya yi da abin da ke hannunmu? Ga shawarwarina, a gyara mini inda na kauce.

Na ɗaya, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta fitar da umarni a rubuce, a liƙa a ofishin kowane hedimasta: a karɓi yaro ranar da ya zo, a sa shi a rajista da jerin tallafi, a ba da wa'adin zango guda a kawo takarda. Hedimasta yana bukatar abin da zai kare kansa da shi. Umarnin baki ba ya kare kowa ranar bincike.

Na biyu, a amince da shaidar zama a madadin indijin a duk tallafin da ya shafi firamare da ƙaramar sakandare. Mai unguwa ko dagaci, da ardo in makiyayi ne ko alaramma in almajiri ne, da hedimasta, su uku su sa hannu cewa yaron nan a nan yake kwana. Duk wanda ya yi shaidar zur a hukunta shi. Wannan ba baƙon abu ba ne, don a al'adarmu baƙo ba ya sauka a gari sai mai unguwa ya sani. Rubutawa kawai za a ƙara.

Na uku, ma'aikatan rajistar haihuwa da na NIN su riƙa fitowa tare, su zo makaranta makon farko na zango, su zo kasuwa ranar da take ci, su bi masu allurar rigakafin yara da ta dabbobi zuwa ruga. Mun ga yadda masu rigakafin shan-inna suka shiga kowane lungu da kowane mashekari. In an iya kai ɗigon magani, za a iya kai biro. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rajistar haihuwa ta na'ura, to a kawo na'urar inda ake haihuwar.

Na huɗu, inda ba a san ranar haihuwa ba, a karɓi katin rigakafi, ko shaidar ungozoma da limamin da ya raɗa suna, ko lissafin abin da ya faru a shekarar. "Shekarar babbar ambaliya" shaida ce in an samu mai hankalin fassara ta.

Na biyar, a ba duk yaron da iyayensa ke ƙaura ɗan kati mai ɗauke da sunansa, ajinsa da sakamakonsa. In sun tashi daga Doguwa zuwa Lere ko Ningi, ya miƙa a can ya ɗora daga inda ya tsaya. Na san yaron da ya yi aji biyu sau uku a garuruwa uku, har ya gaji ya bari.

Na shida, kuma wannan yana da muhimmanci: a tabbatar wa iyaye cewa rajistar makaranta ta makaranta ce. Dattawan Fulani ba su manta da jangali ba, duk da Abubakar Rimi ya soke shi a Kano tun 1979. A wurinsu, in hukuma ta zo da littafi tana tambayar suna da adadi, abin da ke biyo baya karɓa ne, ba bayarwa ba. Ɗan gudun hijira kuma yana tsoron a rubuta shi yau a kore shi gobe. In aka mayar da rajistar yara hanyar farautar iyaye, ba wanda zai ƙara kawo ɗansa.

'Yan majalisarmu na tarayya da na jiha, da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, da hakimanmu: wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Takardar umarni ce, da man babur, da littafin rajista. Lokacin zaɓe kuna sanin hanyar kowace ruga da kowace bukka. Hanyar ba ta canza ba.

Mu kuma kada mu zauna jiran gwamnati. Kai da kake karanta wannan, akwai baƙo a unguwarku. Ka tambaye shi ko 'ya'yansa suna zuwa makaranta, ko suna da takardar haihuwa. In babu, ka raka shi wurin mai unguwa, ka raka shi wurin rajista tun kafin fom ya zo. Limamai su faɗa a huɗuba, a kuma tuna wa mutane ranar suna. Mu a kwamitinmu mun fara: mun zaga rugage uku da bukkokin bayan gari, mun rubuta yaran da muka samu a littafi, muna bin takardunsu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da muka karɓo takardar yarinyar nan, kakanta ya riƙe ta da hannu biyu, ya juya ta sama da ƙasa don bai iya karatun boko ba. Ya ce, "Malam, yanzu gwamnati ta san da ita ke nan?" Na ce e, Baffa. Ya naɗe ta a leda ya sa a aljihun ciki. Ban iya gaya masa a lokacin cewa an riga an rufe jerin ba, sai washegari.

Malaman makaranta da masu unguwanni da ke nan, ku faɗa mana yadda abin yake a wajenku, amma don Allah kada a sa sunan yaro ko hotonsa. Wanda ya san wani jami'in ilimi ko na hukumar ƙidaya, ya tura masa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya raya mana zuri'a baki ɗaya.